Laifin Wa? Darasi a kan Yaron da Ya Karye a Hannu

Gidan da ke da yara ba ya rabuwa da faɗuwa. Wani ya faɗo daga itacen mangwaro, wani daga katanga, wani kuwa daga bayan yayarsa da ta goye shi. Yawanci kuka ne kawai da ƙura, amma wata rana sai a ɗaga yaro a ga hannunsa ya lanƙwashe inda babu gaɓa. Tun ba a kai ga ɗaukarsa ba sai tambaya ta tashi a tsakar gida: "Wa ya bar shi?" Uba ya dubi uwa, uwa ta dubi babbar 'yarta, kaka kuma ta tuna da wata maƙwabciya wadda ta yi wa yaron wani irin kallo jiya. A cikin darasin nan za mu bincika ko tambayar nan daidai ce, mu ga kuma abin da ta kan jawo wa yaron da ke kwance.

1. Tambayar tsohuwa ce

Neman wanda za a ɗora wa laifi ya girmi dukan kakanninmu. A cikin Farawa sura 3, sa'ad da Allah ya tambayi Adamu, sai ya nuna matarsa, ita kuma ta nuna maciji. Hausawa sun gane halin nan, shi ya sa su ke cewa laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Almajiran Yesu ma ba su kuɓuta ba. A cikin Yohanna sura 9 sun ga mutumin da aka haifa makaho, suka so su san ko zunubinsa ne ya jawo, ko na iyayensa. Ubangiji ya kawar da zato biyun nan duka, ya juya hankalinsu ga aikin Allah da za a bayyana cikin mutumin, sa'an nan ya aike shi ya wanke ido a tafkin Siluwam. Ku lura da wannan: almajirai sun tsaya a kan makahon suna muhawara, Ubangiji kuwa ya sunkuya ya taɓa shi. Haka kuma a cikin Luka sura 13 ya ƙi yarda a ce mutum 18 ɗin da hasumiya ta faɗo wa sun fi sauran mutanen Urushalima laifi.

2. Abin da ke faruwa cikin hannun

Bari mu bar tsakar gida tukuna mu dubi hannun yaron, gama shi ba ya jiran a gama gardama. Karayar da ta fi kai ƙananan yara ɗakin tiyata ita ce ta ƙashin damtse, dab da saman gwiwar hannu. Ta fi samun 'yan shekara 5 zuwa 7, domin yaro in zai faɗi ya kan miƙa hannu ya tokare ƙasa, ƙashin kuwa siriri ne a wurin. Babbar jijiyar jini da jijiyoyin da ke motsa yatsu suna bi ta gaban wurin nan. In ƙashin ya goce yana iya danne su, kumburi kuma ya ƙara matsi. Naman da jini ya daina kai wa ya kan fara mutuwa cikin sa'a 6 ko kusa da haka. Tun a 1881 wani likitan Jamus, Richard von Volkmann, ya bayyana yadda ɗauri mai tsanani ke shanye hannu har yatsu su ƙanƙance, ba su ƙara miƙewa.

Saboda haka likita ya kan ɗauki hoton ƙashin. In bai goce ba, filasta ta isa. In ya goce, sai a sa yaron barci, a maida ƙashin wurinsa, a kafe shi da siraran wayoyin ƙarfe biyu ko uku, a cire su bayan mako 3 ko 4. Ƙashin yaro yana haɗewa da sauri fiye da na babba, wannan kuwa alheri ne da Mahalicci ya ajiye cikin jikinsa. Maɗoran gargajiya da yawa suna da gwaninta a kan karaya mai sauƙi, amma ba su ganin abin da ke ciki. Likitocin ƙashi a Nijeriya sun daɗe suna ba da labarin yaran da aka kawo musu da hannu ya ruɓe ƙarƙashin ɗori mai tsauri, har ya zama tilas a yanke.

3. Zargi yana cin lokacin yaron

To, ga inda maganar jiki ta haɗu da maganar zuciya. A ce yarinya 'yar shekara 10 ce ke renon ƙanenta, ya faɗi tun da hantsi. Ta san bulalar gidansu, saboda haka ta lallashe shi, ta ce, "Kada ka faɗa wa Baba," ta rufe hannun da riga. Ba a gane ba sai da dare. A ce kuma uwa tana tsoron bakin mijinta da na surukarta, ta kai yaron wurin maɗori a ɓoye. Da aka je asibiti bayan kwana 2, likita ya tambayi yaushe ya faɗi da abin da aka ɗaura masa, sai ta rage kwanakin. Ko ranar tiyata ma akan tambayi lokacin da yaro ya ci abinci, gama ana so cikinsa ya yi kamar sa'a 6 babu tuwo kafin a sa shi barci, don kada amai ya koma huhunsa. Kakar da ta ba shi kunu saboda tausayi, in tana tsoron faɗa, za ta yi shiru, shirun nan kuwa yana iya kashe shi.

Kun ga tambaya iri biyu ce. Likita yana tambaya yadda aka yi domin ya san abin da zai gyara. Mai zargi yana tambaya domin ya san wanda zai hukunta. Ta farin tana bukatar gaskiya, ta biyun kuwa korar gaskiya ta ke yi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya, amma wa zai buɗe cibiya a gaban mai riƙe da bulala? Uban da ya mai da gidansa wurin da ba a iya faɗin kuskure, ya sani da hannunsa ya ke jinkirta maganin ɗansa.

4. Mai renon Mefiboshet

Littafin Sama'ila na biyu, sura 4, ya ba da labarin ɗan Jonatan. Yana da shekara 5 sa'ad da labarin mutuwar ubansa da kakansa Saul ya iso daga Yezreyel. Mai renonsa ta ɗauke shi ta gudu, cikin gaggawa ya faɗi, ya gurgunce har ƙarshen ransa. Macen nan ƙauna ce ta sa ta gudu da shi, cikin ƙaunar nan kuma ya ji ciwo. Littafin ya faɗi abin da ya faru sarai, bai ɓoye kome ba, amma bai ambaci sunanta ba, bai kuwa yanke mata hukunci ba. A sura 9, da Dauda ya aika aka ɗauko Mefiboshet daga Lodebar, bai buɗe shari'ar wanda ya kā da shi ba. Ya maido masa da gonakin kakansa, ya ba shi wurin zama a teburin sarki.

5. Ashe babu sakaci ke nan?

Wani ɗan'uwa zai ce, "In ba a tsawata ba, gobe ma za a sake." Maganarsa da gaskiya a ciki. Akwai sakaci, kuma kiransa tsautsayi ƙarya ne. Rijiyar da ba murfi da katangar da ta tsage suna da mai su. Amma sai mu auna. Wanda ya ɗora wa 'yar shekara 10 renon yara uku, shi da ita wa ya fi sakaci? Tsawatawa kuma tana da lokacinta, wato bayan an ɗaure hannun, a keɓe, da nufin gyara abin da ya kā da yaron. Yarinyar nan ta riga ta hukunta kanta fiye da yadda bulala za ta iya. In aka bar ta da nauyin nan za ta girma da shi, alhali ƙashin ƙanenta ya haɗe tun cikin wata ɗaya ko biyu.

Hakkin da ya fi nauyi a wuyan iyaye yana farawa ne bayan faɗuwar. Ba su da iko su tsare kowace faɗuwa, amma suna da iko su kai yaro asibiti a ranar, su faɗi gaskiya duka, su sa hannu a takardar tiyata ko da zuciya tana rawa. Su faɗa wa yaron gaskiya daidai hankalinsa, cewa zai yi barci, zai farka da ciwo kaɗan, kuma za su kasance kusa. Bayan an koma gida su riƙa duba yatsunsa. In sun yi sanyi, ko sun canza launi, ko ya kasa motsa su, ko ciwon yana ƙaruwa, a koma asibiti nan da nan ko da tsakar dare ne. Wannan aikin a ba yayarsa rabonta a ciki, domin wadda aka amince wa da jinya ta san an gafarta mata. Ikkilisiya kuma ta zo da abinci da gudummawar kuɗin magani, ta bar bincike a bakin ƙofa.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. A gidanka, yaro zai iya zuwa ya faɗi kuskurensa tun da wuri? In ba zai iya ba, me ke hana shi?
2. Yaya za mu bambanta sakaci da tsautsayi ba tare da mun zalunci kowa ba?
3. Wane ne a cikin ikkilisiyarmu ke ɗauke da nauyin wani hatsari da ya wuce, kuma me za mu yi masa a makon nan?