Haƙƙin Dabbar Gida A Kan Mai Ita Lokacin Hunturu

Godiya ta tabbata ga Allah, Wanda Ya sanya zafi da ɗari suna musanyar juna bisa hikimarSa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabin rahama, Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka:

Duk wanda ya taɓa kwana a Birnin Kebbi ko Argungu cikin watan Disamba ko Janairu ba ya bukatar a yi masa bayanin hunturu. Hausawa sun bambanta ɗari da sanyi: ɗari shi ne busasshe mai tsaga leɓe da dunduniya, sanyi kuwa shi ne mai tafe da laima. To, kwarin gulbin Rima ya haɗa duka biyu. Iska tana busowa daga arewa maso gabas da ƙura da hazo, cikin dare kuma sanyi ya gangaro ya kwanta a fadama da unguwannin da su ke maƙwabtaka da ita. A wasu darare ma'aunin zafi yakan sauka ƙasa da digiri 15 kafin asuba, alhali kuwa da tsakar rana ya haura 30. A irin wannan dare magidanci yakan rufe taga, ya jawo bargo, ya duba ko yara sun rufa. Abin tambaya shi ne, ragon da ya ɗaure a tsakar gida, da kajin da ya kulle a akurki, da karen da ya sa wa sarƙa a bakin ƙofa, shin suna da wani haƙƙi a kansa a wannan dare, ko kuwa dukiyarsa ce, ya yi yadda ya ga dama da ita?

Mutane da yawa za su ce Allah Ya riga Ya tufatar da dabba, Ya ba akuya gashi, Ya ba kaza gashinta, saboda haka babu wani abin damuwa. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, amma ba ta cika ba. Bayan gashi, Allah Ya ba dabba dabara. Awakin da ke sake sun san bangon da ya sha rana ya ke riƙe da ɗumi, can su ke zuwa su kwanta jiki da jiki. Kaza tana tattara 'yan tsakinta ƙarƙashin fiffike a inda iska ba ta kaiwa. Kyanwa tana neman gefen murhu. Ranar da mutum ya kafa turke ya sa igiya, ya raba dabba da wannan dabara ke nan. Ba ta da ikon matsawa sai iyakar tsawon igiyarta. Tun daga wannan rana ɗarin da ta sha ya zama abin da za a tambayi wanda ya ɗaure ta.

Wannan shi ne abin da ke cikin sanannen hadisin nan da Buhari da Muslim suka ruwaito, na matar da ta shiga wuta saboda kyanwa. Ba a ce ta doke ta ba, ba a kuma ce ta yanka ta ba. Laifinta shi ne ta tsare ta, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci da kanta ba, har ta mutu. Mai hankali ba zai tsayar da wannan hukunci ga yunwa kaɗai ba, domin illar ita ce tsarewa tare da sakaci, kuma ɗari yana kisa kamar yadda yunwa ta ke kisa. Haka nan Abu Dawuda ya ruwaito labarin raƙumin wani mutumin Madina da ya zubar da hawaye sa'ad da ya ga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Annabi ya shafa shi har ya natsu, sa'an nan ya nemi mai shi, ya tsoratar da shi da Allah game da dabbar da Allah Ya mallaka masa. Ke nan mallakar dabba amana ce, kuma kowace amana tana da ranar tambaya.

Malaman fiƙihu ba su bar wannan al'amari ga tausayin mutum kaɗai ba. Littafin Muhtasar na Shaihu Halilu, wanda a ke karantawa a zaurukan ilmi na ƙasar Gwandu da ta Kabi tun zamanin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ya wajabta wa mai dabba ciyar da ita in babu makiyaya, in kuwa ya ƙi, a sayar da ita. Ya hana a ɗora mata aikin da ya fi ƙarfinta, ya kuma iyakance tatsar nono ga abin da ba zai cuci ɗanta ba. Shari'ar da ta kula da cikin ɗan maraƙi har haka, ba za ta yarda a bar shi yana makyarkyata a fili ba. Alƙur'ani mai girma kuwa, cikin Suratun Nahli, ya lissafa ɗumin da mutane ke samu daga fatu da gashin dabbobi cikin ni'imomin Allah. Rashin godiya ne mutum ya ɗumama da abin da aka samo daga jikin dabba, ita kuwa ya bar ta ga iska.

Canjin gine-gine ya ƙara wa wannan magana nauyi. Tun da Birnin Kebbi ta zama babban birnin jiha a 1991, unguwanni irin su Gesse suka cika da gidajen bulo masu tsakar gida ta siminti. Gidan ƙasa na dā yana da danga da zana da rumfa da lungu, ƙasa kuma tana riƙe ɗumi. Siminti kuwa cikin dare sai ya koma kamar ƙanƙara, in fitsari ya jiƙa shi abin ya ƙara muni. Sai ka ga an sayo rago Balami ko Uda da kuɗi masu yawa don kiwon layya, an ɗaure shi a kan wannan daɓe babu shimfiɗa, an kuma bar al'amarinsa ga mai gadi ko ƙaramin yaro. Maigida ya sani, wakilta wani ba ya sauke alhaki daga wuyansa.

Maganin abin kuwa ba mai tsada ba ne. A tare gefen da iska ke shigowa da zana ko tsohon buhu, a bar kafa ta sama domin numfashi. A shimfiɗa busasshiyar ciyawa ko tattakar shinkafa, wadda ta ke jibge a fadamun Argungu da Birnin Kebbi bayan girbi, har wasu suna cinna mata wuta, a riƙa canja ta in ta jiƙe. A ƙara harawa da dusa da kowa, domin jikin dabba da abinci ya ke yin ɗumi, ga shi kuwa lokacin ne ciyawa ta ke ƙarewa. A ba ta ruwan da aka ɗebo daga rijiya da hantsi, ya fi wanda ya kwana a komi. Ɗan akuya ko ɗan tunkiyar da aka haifa cikin dare a goge shi ya bushe, a tabbata ya sha nonon fari, domin jiƙaƙƙen jariri ba ya jure ɗarin asuba. 'Yan tsaki ma ba su iya riƙe ɗumin jikinsu a makonnin farko, sai da uwa ko fitila.

Amma fa a kula, tausayin da babu sani a cikinsa yana iya zama cuta. Wanda ya toshe akurki ruf ya sa kaskon garwashi a ciki, hayaƙin gawayi zai iya kashe kajin kafin gari ya waye, ga kuma haɗarin gobara a lokacin da kome ya bushe. Bugu da ƙari, hunturu shi ne lokacin da annobar kaji, wadda likitoci ke kira Niyukasul, ta fi share akurki, awaki da tumaki kuma su kamu da mura da ciwon huhu. Akwai rigakafin waɗannan annoba, cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom tana yin sa, kuma neman likitan dabbobi tun kafin iska ta taso ba ya saɓa wa tawakkali. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Wani zai ce, ana maganar bargon akuya alhali ga almajirai da marayu suna kwana a rumfunan kasuwa babu mayafi? Lalle ɗan Adam shi ne gaba, kuma wanda ya tufatar da karensa ya manta da maƙwabcinsa ya juya al'amari. Sai dai rahama ba hatsi ba ce da za a ce in an auna wa wannan, wancan zai rasa. Zuciyar da ta saba jin kukan ɗan akuya cikin dare ta tashi, ita ce za ta ji tarin yaron maƙwabta. Kuma sau da yawa akuyar nan ita ce dukan jarin wata tsohuwa ko wata uwar marayu, mutuwar 'ya'yanta a dare ɗaya asarar shekara ce. An ruwaito kuma cikin ingantaccen hadisi cewa Allah Ya gafarta wa wani mutum saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa, aka kuma sanar da sahabbai cewa kyautata wa kowane mai rai yana da lada.

Saboda haka kiwo ba wajibi ba ne a kan kowa, amma wanda ya ɗauka, haƙƙinsa ya hau kansa. Wanda ya ga ba zai iya ciyarwa da killacewa ba, ƙofa a buɗe ta ke: ya sayar, ko ya ba wanda zai iya, ko ya yanka in dabbar ta ci ce. Wanda ya zaɓi ya riƙe kuwa, to bayan sallar lisha, kafin ya jawo bargo, ya ɗauki fitila ya leƙa turke da akurki, ya tsaya nan kaɗan ya ji daga ina iska ta ke shigowa.

Allah Ya sa a gane haƙƙin marasa baki, Ya jiƙan masu jinƙai, Ya kuma kare bayinSa daga ɗaukar alhakin abin da ba ya iya kai ƙara sai a gabanSa. Amin.