Kaskon Ruwa Domin Tsuntsaye Sadaka Ne

Godiya ta tabbata ga Allah Mai ciyar da kowane mai rai, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, idan bazara ta tsananta a watannin Afirilu da Mayu, zafi ya haura digiri 40, tabkuna suka ƙafe, mukan ga kurciya da baiwar Allah suna sauka inda muka yi alwala, baki buɗe, suna tsotsar damshin ƙasa. Shin mun taɓa tsayawa muka yi tunani a kansu?

Aya ta 38 ta Suratul An'am ta sanar da mu cewa tsuntsaye al'ummomi ne kamarmu, aya ta 41 ta Suratun Nur kuma ta nuna cewa suna tasbihi. Buhari da Muslimu sun ruwaito cewa an gafarta wa wani mutum saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa, wata mata kuwa ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare har yunwa ta kashe ta.

Saboda haka kowane magidanci ya sami kasko, ya ajiye a inuwa, bisa wurin da kyanwa ba ta kaiwa. A sa dutse a ciki domin ƙananan tsuntsaye su sami matsaya. A canza ruwan kullum don kada sauro ya hayayyafa. Tsakin gero da ya zube gindin turmi a watsa musu.

Wani manomi zai ce: to, jan baki fa da ke cinye mana hatsi? Korarsa daga gona halal ce, domin kare abinci wajibi ne. Abin da aka hana shi ne kisa don wasa. Mu tsawata wa ƴaƴanmu masu harbi da danko da kwashe sheƙa. Abu Dawuda ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya umarci sahabbai su mayar wa wata tsuntsuwa ƴaƴanta da suka ɗauke.

In mun zauna bayan asuba muna kallonsu, mu tuna suna fita ba rumbu ba ajiya, su dawo da ƙoshi. Amma fa sai da suka fita nema.

Allah Ya sanya tausayi cikin zukatanmu, Ya ba mu damina mai albarka. Amin.