Saye Daban, Riƙo Daban

A bakin wani gareji na Birnin Ƙonni, ƙarƙashin inuwar dogon yaro, akwai wata jar mota mai ƙofa biyu, ƙirar Jamus, wadda take fake tun ƙarshen shekarar 2023. Tayoyinta sun sace, ƙura ta rufe gilashinta har yaran unguwa suna koyon rubutu a kai da yatsa. Duk wanda ya gan ta yau ba zai yarda ba cewa an yi lokacin da ƙugin injinta kaɗai yake sa masu shayi su miƙe tsaye. Na san mai ita, domin kuwa ɗalibina ne a kwaleji, yaro mai kaifin hankali da ladabi, wanda Allah ya buɗa wa a fataucin albasar Galmi zuwa ƙasashen bakin teku. Ranar da ya kawo ta daga Kwatano, a farkon 2022, sai da ya biyo ta gidana. Ya ce mini: "Mushe, ka sa mini albarka, kuɗin gumina ne, ban ci na kowa ba." Na sa masa albarka, kuma gaskiya ya faɗa. Sai dai tun daga ranar wata tambaya take yi mini kai da kawo, ita ce nake son in ajiye gaban ƴan uwana malamai: idan mutum ya biya kuɗin abu da halalinsa, shi ke nan ya mallake shi, ko kuwa akwai sauran wani haƙƙi da ciniki bai sauke ba?

Kafin mu yi hukunci, ya kamata mu san irin motar da ake magana a kanta. Ita motar tsere an ƙera ta ne domin wata ƙasa da wata hanya, irin manyan titunan Jamus waɗanda a wasu sassansu doka ba ta ƙayyade gudu ba. Injinta yana juyawa da ƙarfi, yana ɗaukar zafi, saboda haka yana bukatar tataccen fetur mai daraja ta sama, da baƙin mai na musamman wanda ake juyewa kan lokaci ba tare da jinkiri ba. Cikinta kusa yake da ƙasa, abin da ke tsakani bai kai taƙi guda ba. Tayoyinta masu faɗi ne marasa kauri, birkinta yana cinyewa da sauri, kuma kusan kowace gaɓa tata tana ƙarƙashin wata ƴar kwamfuta wadda ba a gane ciwonta sai da na'urar bincike. To, a ɗauko wannan halitta a kawo ta ƙasar Ƙonni, inda zafin bazara yake haura digiri 40, inda ƙurar hunturu take toshe matatar iska cikin ƴan makonni, inda ake sayen mai a kwalba wurin ƴan ruwa-ruwa, inda da ka sauka daga kwaltar Yamai zuwa Damagaram sai rairayi da kwazazzabai. Ba a bukatar boka kafin a san abin da zai biyo baya.

Mutum zai ce, to me ya sa ake sayenta? Amsa ta farko ita ce araha. Motar da sabuwarta sai attajirin Turai, in ta shekara goma ko goma sha biyar kuɗinta yakan faɗi har ya yi kusa da na ƙaramar mota. Hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta bayyana a 2020 cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14, kuma kashi 40 cikin 100 Afirka suka nufo. Shekara da shekaru, kafin a rufe iyaka a 2023, Ƙonni tana kan wannan hanya, motoci suna sauka tashar jirgin ruwan Kwatano, su hauro ta Gaya, su ratsa nan kafin su tsallaka Najeriya. Idonmu ya saba da su. Abin da mai saye yake mantawa shi ne, kuɗin motar ne ya faɗi, cikinta bai rage ci ba. Kayan gyaranta suna nan da tsadarsu ta gidan attajiri, kuma tsufa ƙara mata bukata yake yi. Mai ita na farko ya more ƙuruciyarta, ya sallame ta daidai lokacin da manyan gyare-gyare suka ƙarato. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Amsa ta biyu ta fi ta farko zurfi, kuma a nan ne ba na son mu yi saurin zargi. Son abu mai kyau yana cikin halittar ɗan Adam. Marubucin nan na Faransa, Roland Barthes, a littafinsa na 1957, ya kwatanta mota da manyan majami'un Turai na dā, wato aikin gwanintar da al'umma gaba ɗaya take kallo da mamaki. Mu ma ba baƙi ba ne ga wannan sha'awa. Kakanninmu sun ƙawata ingarma da sirdi da jalala, sun yi sukuwa ranar salla, makaɗa sun wasa doki da mahayinsa, ba wanda ya kira wannan wauta. Saurayin da ya tashi yana tallar albasa a bakin hanya, motoci suna watsa masa ƙura, in ya samu ya ce shi ma sai ya hau wadda ta fi su, na fahimci abin da ke zuciyarsa.

Amma misalin dokin nan shi ne kuma yake ba mu ma'auni. A dā, mai sayen doki ya san cewa turke ya saya. Ya san akwai harawa da dawa da kanwa, akwai yaron da zai yi yankan ciyawa, akwai wanka da kilisa, kuma duk wannan kullum ne, da rani da damina. Ana gane mai doki ne ga lafiyar dokinsa. Wanda ya ɗaure ingarma ya bar shi haƙarƙari a waje, gari ba ya ce masa mai doki, abin dariya yake zama, har ma a ce ya ɗauki alhakin dabba. Ashe tun can al'adarmu ta raba saye da riƙo: saye aikin yini ɗaya ne, riƙo kuwa alkawari ne da ake sabuntawa kowace safiya. Mota ba ta da rai balle a ce an zalunce ta, gaskiya ne. Sai dai duk gyaran da aka ƙi yi mata bashi ne, kuma bashin nan ba ya ɓacewa, wani ne zai biya. Tambayar ɗabi'a ita ce: wa zai biya?

Na farko da yake biya shi ne iyali. Ɗalibin nawa ya shekara ɗaya da rabi yana hawa. Ramin hanya ya fasa masa taya biyu tsakanin Tsarnawa da Malbaza, aka rasa irinsu har Sakkwato, sai daga Kano. Lagireto ya yi zafi a bazara. Daga nan abubuwa suka taru: a watan Mayu na 2023 Najeriya ta janye tallafin mai, kwalbar da ake saye da araha ta yi tsada, bayan 26 ga Yuli na wannan shekara aka rufe iyakoki, hanyar Kwatano ta toshe, albasa ta yi kwantai, kayan gyara suka yi nisa. Shi da bakinsa ya gaya mini cewa akwai watan da kuɗin da ya zuba a gareji ya fi na cefanen gidansa da kuɗin makarantar ƙannensa a haɗe. Dukiyarsa ce, ba mai musu. Amma dukiyar magidanci a ƙasarmu tana da masu haƙƙi a cikinta tun kafin ta shigo hannunsa, kuma ba a shawarce su ba ranar ciniki.

Na biyu shi ne makanike. Makanikanmu gwanaye ne, sun raya Peugeot 504 shekara da shekaru, musamman da yake tun 1975 ake harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna, kayan gyara suka wadata, sani ya yaɗu daga maigida zuwa yaro. Wannan sani da kunne da hannu aka gina shi. Motar da ciwonta yake ɓoye cikin kwamfuta tana sa makanike a tsaka mai wuya: ko ya ce bai iya ba ya rasa ciniki, ko ya yi ta lalube da kuɗin mutum. A nan akwai amana ta fuska biyu. Wajibin makanike ne ya faɗi iyakar saninsa, domin "ban sani ba" rabin ilimi ce, kamar yadda muke gaya wa ɗalibai a aji. Wajibin mai mota ne kuma kada ya matsa masa ya sa jabun kaya ko ya cire na'urar da take gargaɗi don fitila ta daina damunsa, sa'an nan in abu ya lalace ya bi gari yana ɓata masa suna. Wanda motar nan take gabansa dattijo ne mai gaskiya. Ya ce wa yaron: "Alhaji, wannan ta fi ƙarfina, kada in ci kuɗinka a banza." Na girmama shi a kan wannan magana fiye da gyara ɗari.

Na uku shi ne mai saye na gaba, kuma a nan ne jarrabawar ta fi tsanani. Lokacin da motar ta fara hayaƙi, wani dillali ya zo ya ba shi shawara: a zuba mai mai kauri ya danne ƙarar inji, a mayar da lissafin kilomita baya, a yi mata fenti, a tura wa wani kafin asiri ya tonu. Haka aka yi masa shi ma, in ji dillalin, to me zai hana? Wannan matsala tsohuwa ce. Risalar Ibn Abi Zaid, wadda almajiranmu suke karantawa a zaure, ta lissafa ɓoye aibin haja cikin abubuwan da ba su halatta a ciniki ba. Kundin dokokin Faransa na 1804, a aya ta 1641, ya ɗora wa mai sayarwa lamunin ɓoyayyen aibi. A 1970 kuma masanin tattalin arziki George Akerlof, wanda ya samu lambar Nobel a 2001, ya ɗauki kasuwar tsofaffin motoci ya nuna cewa idan mai sayarwa ya san abin da mai saye bai sani ba, mai saye zai yi tayi kamar kowace mota mai aibi ce, masu motar kirki su janye, kasuwa ta rage sai tarkace. Zaure da kotu da jami'a sun haɗu a kan magana ɗaya: maƙaryaci ɗaya ba abokin cinikinsa kaɗai yake cuta ba, yardar kasuwa gaba ɗaya yake ci. Shi ya sa mai hankali ba ya sayen irin wannan mota sai ya ga takardun tarihin gyaranta, ya tayar da inji da sanyin safiya ya duba hayaƙi, ya gwada lambar jikinta da ta takardun duwan, ya kai ta wurin mai na'ura wanda ba shi da la'ada a cikin cinikin.

Na huɗu shi ne wanda ba ya cikin cinikin ko kaɗan: mai amalanke da ya ɗauko albasa, yarinya mai talla a Galmi, ɗan kabu-kabu, makiyayi da garkensa a hanyar Badagishiri, ɗalibanmu da suke tsallaka kwalta da safe. Motar da take gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 cikin daƙiƙa ɗaya. In aka ninka gudun, nisan da birki yake bukata kafin ta tsaya ninkuwa yake yi har sau huɗu, wannan ma in birkin da tayoyin lafiyayyu ne. Wanda ya riƙe inji mai ƙarfin dawaki ɗaruruwa, ya jinkirta canjin birki don aljihu ya yi sanyi, ya sa ran mutanen da ba su san shi ba cikin caca. Ƙarfi kowane iri ne, na sarauta ko na ilimi ko na inji, gwargwadon girmansa gwargwadon hisabinsa.

Saboda haka ra'ayina shi ne, ba laifi ba ne mutum ya sayi motar tsere, tsohuwa ko sabuwa. Sharaɗin dai shi ne ya iya ɗaukar nauyinta shi kaɗai, ba tare da ya sauke shi a kan tukunyar gidansa, ko sunan makanike, ko aljihun mai saye na gaba, ko ran mai tafiya a ƙasa ba. Wanda ya iya wannan, ya hau lafiya. Wanda bai iya ba, ko da takardu suna ɗauke da sunansa, aro ya yi daga mutanen da ba su ba shi ba. Mu malamai muna koya wa yara lissafin saye da sayarwa da riba, amma ba mu cika koya musu lissafin riƙo ba, alhali kuwa shi ne ake bukata a aure da sana'a da shugabanci. Da za mu riƙa tambayarsu, bayan "nawa ne kuɗinsa", su ƙara da "me zai ci kowane wata, kuma daga bakin wa za a cire", da mun yi musu babban gata.

Ɗalibin nawa bai bi shawarar dillali ba. Duk wanda ya zo taya motar sai ya zayyana masa aibinta ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa har yanzu take nan ƙarƙashin dogon yaro. Kwanan baya na haɗu da shi a tasha yana lodin albasa, na tambaye shi ko yana nadama. Ya yi murmushi ya ce: "Mushe, na yi asarar kuɗi, amma ina barci." Ban taɓa ba shi makin da ya kai wannan ba a aji. Allah ya ba mu ikon riƙe abin da muka ɗauka, ya hana mu ɗaukar abin da wani zai biya.