Tonon Asali: Ina Iyakarsa?

A kasuwar Ose Okwodu da ke bakin kogin Neja a garin Anacha, duk wanda ya sauko daga Arewa da buhun albasa ko busasshen kifi, Bahaushe ake ce masa. Ba a tambaya ko daga Kano ya fito, ko Kagoro, ko Garkida. A cikin baƙin nan akwai iyalan masu bi da suke sujada da harshen Hausa, waɗansunsu kuwa a nan suka haifi 'ya'yansu. Ranar da irin wannan yaro ya girma ya tambayi mahaifinsa wane ne kakan kakansa, sau da yawa amsar ba ta wuce suna ɗaya da sunan wani ƙauye ba.

Mutumin Ingila ya fi shi sa'a. Tun shekara ta 1538 Thomas Cromwell, babban wazirin Sarki Henry na Takwas, ya ba da umarni kowace majami'a ta ajiye littafin da za a riƙa rubuta baftisma da aure da jana'iza. Gwamnati ba ta fara nata rajistar haihuwa da mutuwa ba sai a 1837. Saboda haka wanda zuriyarsa ta fito daga ƙaramin ƙauye yana iya bin sawun kakanninsa har shekara ɗari uku ko fiye. Amma littafin ba ya sāye. A kusa da sunan wani jariri limamin ya rubuta cewa ba a cikin aure aka haife shi ba. A kusa da sunan wani tsoho an nuna cewa matalauci ne, da kuɗin jama'a aka binne shi. Mai neman sarauta a cikin asalinsa yakan koma gida da abin da bai je nema ba.

A ƙasar nan ma akwai irin waɗannan littattafai, ko da yake ba su kai waɗancan tsufa ba. Samuel Ajayi Crowther da J. C. Taylor sun kafa aikin mishan na CMS a Anacha a 1857, Fada Joseph Lutz na Katolika kuma ya iso a 1885. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya ragargaza garin, gara da damina kuma ba su raga wa takarda a ko'ina. Duk da haka ana samun sauran bayanai a gidan ajiyar tarihi na ƙasa da ke Inugu da na Kaduna, takardun CMS kuwa suna Jami'ar Birmingham. Mai bincike zai tarar cewa da yawa cikin masu bi na farko a bakin kogin nan bayi ne da aka fansa. Haka yake a Arewa, inda mishan ta SUM ta karɓi yaran da aka 'yanta a gidan da ta buɗe a Rumasha a 1909. Ba a kuma gama haramta bauta a dokar Arewa ba sai 1936. Wato jiya jiya ke nan.

To, wanda ya buɗe littafin baftisma ya tarar kakarsa baiwa ce, ko kuwa an yi wa mahaifinsa baftisma wata huɗu bayan auren iyayensa, me ya kamata ya yi?

Wani zai ce a rufe, a mance, in da hali ma a yage shafin. Wannan ba daidai ba ne. Littafin ba na gida ɗaya ba ne, shaida ce ta ekklesiya duka, yage shi kuwa shaidar zur ce a kan matattu. Kakar da aka sace tana yarinya, aka kai ta inda ba ta san kowa ba, ta rayu har ta haifi zuriya, ba ita ce ta yi abin kunya ba. Jikan da ya share sunanta ya sāke raba ta da danginta karo na biyu. Ko Matiyu, da yake jera kakannin Yesu Almasihu, bai tsallake Tamar da Rahab da matar Uriya ba, alhali kuwa ya san labarin kowacce.

Sai dai Manzo Bulus ya gargaɗi Timoti da Titus a kan ƙididdigar asali wadda ba ta haifar da kome sai gardama. Nan ne haɗarin ya fi yawa a yau, musamman a lokacin binciken aure. Majalisar Jihar Gabas ta soke tsarin osu tun 1956, amma har yanzu ana fasa aure a kansa. Kada ɗan Arewa ya yi dariya, gama a nasa gidan ma kalmar "ba shi da asali" ta watsa baiko da yawa, har a tsakanin waɗanda suke cin Jibin Ubangiji a tebur ɗaya. Wanda ya je wurin fasto yana neman tsohon rajista domin ya sami abin gori ga surukai, tonon silili ya je yi, ya kamata kuma dattawa su hana shi.

Akwai kuma hakkin masu rai. In tsohuwar da labarin ya shafa tana nan da ranta, asirin nata ne kafin ya zama tarihin kowa. Ladabi shi ne jikan ya je ya durƙusa, ya ce, "Kaka, na ga abu kaza a littafi, me kike so a yi da shi?" In ta ce a jira, sai a jira. Takarda ba ta gaggawa.

Crowther kansa bai ɓoye nasa ba. An kama shi a garinsu Osogun a 1821, ya kuma rubuta da hannunsa cewa an taɓa musanya shi da doki. A 1846 ya sāke gamuwa da mahaifiyarsa a Abeokuta, bayan rabuwar shekara ashirin da biyar. Da aka yi mata baftisma a 1848, sunan da aka shigar a littafi shi ne Hannatu.