Karatu Da Hutu: Gargaɗi Ga 'Yan Makaranta Da Iyayensu

A karanta: Fitowa 16:13-30, 1 Sarakuna 19:3-8, Markus 6:30-32.

Jarrabawar WAEC ta kan faɗo a watannin Mayu da Yuni, ta NECO kuwa ta biyo bayanta. A daidai wannan lokaci ne ruwa ya ke sauka a ƙasar Karaye da Rogo, ana shuka, ana noman farko. Saboda haka yaron Kwanyawa yana da gona biyu a gabansa, ta ubansa da ta littafinsa. Da yawa su kan ajiye littafi sai ana saura mako guda, sa'an nan su yi kwana uku ba barci, su shiga ɗakin jarrabawa da jajayen idanu. Idan sun faɗi, kuɗin masarar da uba ya sayar ya biya masu ya salwanta, shekara guda kuma ta wuce. Ba a fafe gora ranar tafiya. Bari mu duba abin da Maganar Allah ta ke koya mana a kan aiki da hutu da lada.

Sa'ad da Isra'ilawa su ke cikin jeji, Allah ya ciyad da su da manna. Bai zubo masu ta shekara guda a dare ɗaya ba. Kowace safiya mutum ya kan fita ya tara awon da zai ishe shi a ranan nan, tun rana ba ta yi zafi ta narkar da ita ba. Waɗanda suka ɓoye saura har gari ya waye, suka iske ta yi tsutsa, tana wari. Ran shida kaɗai su ke tara ta kwana biyu, domin su huta ran bakwai.

Haka ilimi ya ke. A shekarar 1885 wani malami Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya buga sakamakon gwajin da ya yi a kan haddarsa. Ya ga mantuwa ta fi sauri cikin sa'o'in farko bayan koyo. Ya kuma ga maimaici 38 da ya raba cikin kwana uku ya yi masa aikin maimaici 68 na rana ɗaya. Watau sa'a biyu kowace rana sun fi kwanan zaune na daren jarrabawa amfani. Dam ɗin Challawa da ke nan ƙasar Karaye, wanda aka gama a 1992, ba da ruwan dare ɗaya ya ke cika ba. Da yayyafi kogi kan cika.

Waɗansu suna tsammani hutu ragwanci ne. Ubangiji Yesu bai ɗauke shi haka ba. Da manzanni suka komo daga wa'azi, jama'a ta yi masu yawa har ba su sami zarafin cin abinci ba, shi da kansa ya kira su gefe su ɗan huta. Annabi Iliya kuma, da ya gaji har ya roƙi mutuwa, Allah bai fara da tsawata masa ba. Ya bar shi ya yi barci, ya aiko mala'ika da gurasa da ruwa har sau biyu. Da ƙarfin abincin nan ya yi tafiyar kwana 40 zuwa Dutsen Horeb.

Ku lura, 'yan'uwa: hutun Iliya ya tashe shi ya kama hanya. Wannan shi ne ma'aunin da za mu auna kowane hutu da shi. Ya komo da mu ga littafi da sabon ƙarfi, ko kuwa ya ɗauke mu ya tafi da mu? Manomi ya san wannan. Ya kan kwance shanun huɗa kafin rana ta take, ya ba su ruwa da harawa, domin gobe su ja garma. Maƙwabtanmu Musulmi ma su kan ba almajiran makarantar allo hutun Alhamis da Jumma'a.

Ga shawarar da mu ke ba ku matasa. Kafin ka buɗe littafi, ka yi addu'a, ka yanka wa kanka kunya guda kamar yadda a ke yi a gona: shafi huɗu, ko lissafi goma. Wani ɗalibi a Italiya, Francesco Cirillo, ya shirya wa kansa awo a ƙarshen shekarun 1980: minti 25 na karatu, minti 5 na hutu, bayan zagaye huɗu kuma hutu mai ɗan tsawo. Ka gwada, ka ƙara ko ka rage gwargwadon ƙarfinka. Cikin minti biyar ɗin ka tashi tsaye, ka sha ruwa, ka wanke fuska, ka zuba wa awaki dusa. Kada ka taɓa waya. An shirya Facebook da TikTok domin su riƙe ido, wanda ya leƙa na minti biyar ya kan farga sa'a ta wuce, ransa kuma cike da abin da ba darasi ba.

Kada kuma ka saci lokacin barci ka ba littafi. A 1924 malamai biyu a Jami'ar Cornell ta Amurka suka gwada ɗalibai, suka ga wanda ya yi barci bayan hadda ya fi riƙe ta bisa wanda ya zauna a farke.

Sai batun lada. Isuwa ya komo daga jeji da yunwa, ya sayar da gādonsa na ɗan fari saboda ƙwarya ɗaya ta abinci (Farawa 25). Yaron da ya fara da gidan kallon ƙwallo, ya ce zai yi karatu in ya dawo, hanyar Isuwa ya ke bi. Lada bayan aiki ta ke zuwa, kuma daidai girman aikin. Ka gama kunyar yau, ka sha rakenka, ka tafi hira. Ka cika kwana shida, ka buga ƙwallo ran Asabar da yamma. Ran Lahadi ka rufe littattafan makaranta, ka tafi sujada da zuciya sake.

Ku iyaye, kuna da rabo a ciki. Ku sallami yaro daga gona da wuri a watannin jarrabawa. Ku tuna da 'ya'ya mata, waɗanda daka da ɗiban ruwa da wanke-wanke su ke cinye masu yini. Kada ku yi alkawarin keke in ba ku da ikon saye, gama alkawarin da ba a cika ba ya kan kashe zuciyar yaro. Ku tambaye shi abin da ya koya yau, ku saurara, ku sa masa albarka. Wannan ladar ba ta bukatar ko kwabo.

An buga dukan Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. A shekarun 1950, zamanin Yaƙi da Jahilci, manya da furfura suka zauna koyon baƙaƙe bayan sun taso daga gona, kaɗan kaɗan, har suka iya karantawa da kansu. Ku 'ya'yansu da jikokinsu, ku tara mannarku ta yau, ku huta inda Allah ya ba da hutu. Bawan da ya yi aminci cikin ƙaramin abu, shi ne ubangijinsa ya ɗora bisa babba (Matta 25).

Mu yi addu'a: Ya Uba, ka koya wa 'ya'yanmu su yi aiki da aminci, su huta da godiya, su jira ladarsu da haƙuri. Cikin sunan Yesu Kristi. Amin.