Shin Bita Za Ta Iya Wanke Raini Daga Zuciya?

A watan Afrilun 2018 aka kira 'yan sanda suka kama wasu baƙaƙen fata biyu a shagon gahawa na kamfanin Starbucks a birnin Filadelfiya ta Amurka, don kawai sun zauna suna jiran wani ba su sayi komai ba. Da surutu ya yi yawa, ranar 29 ga Mayu kamfanin ya rufe shagunansa sama da 8,000 na wasu sa'o'i, ya yi wa ma'aikatansa bita kan wariyar launin fata. Bayan kisan George Floyd a 2020 kuwa, irin wannan bita ta zama ruwan dare a ma'aikatun ƙasar.

Za ki ce ina ruwanmu, mu da duk baƙaƙe ne? Ai muna da tamu wariyar, sai dai mu "asali" muke ce mata. Daga Gaya har Ajingi, wace ce ba ta taɓa jin an ce wance 'yar mahauta ce, wane jikan bayi ne, su wane Maguzawa ne jiya-jiya suka musulunta ba? Har launin ma bai bar mu ba, tunda ana cewa fara ko mayya ce, ga 'yan matanmu nan suna ƙona fatarsu da man bilicin. Abin mamaki ma, a ce a ƙasar Gaya ne za a yatsine wa ɗan maƙera fuska, alhali tarihin baka ya nuna maƙeran Gaya ne, wato Abagayawa, suka je gindin Dala neman tama, kuma daga sunan babbansu aka samo sunan Kano.

To, idan aka tara malaman Islamiyya da ma'aikatan asibiti da shugabannin ƙungiyoyinmu aka yi musu bitar yini guda, aka raba lemo da kuɗin mota da takardar shaida, raini zai fita? Wasu masana biyu, Frank Dobbin da Alexandra Kalev, sun bi diddigin kamfanonin Amurka sama da 800. Abin da suka wallafa a 2016 shi ne, shekara biyar bayan tilasta wa manajoji bita, kason mata baƙaƙe a cikin manajoji raguwa ma ya yi da kashi 9 cikin ɗari. An fi ganin canji inda babba ya ɗauki ƙarami yana jan sa a jiki, da inda aka kafa kwamitin da ke duba wa aka ɗauka aiki, wa aka ƙara wa girma.

Ni dai wannan bai ba ni mamaki ba, saboda ƙissar Abu Zarr (RA) da ke cikin Bukhari. Sahabi ne da ya riga mutane da yawa shiga Musulunci, ya sha wa'azi daga bakin Manzon Allah (SAW) da kansa, amma ranar da rai ya ɓaci sai ya goranta wa wani mutum da uwarsa. Kin ga ashe sani kaɗai bai hana ba. Annabi (SAW) ya gaya masa gaskiya cewa akwai sauran jahiliyya a tare da shi, sa'annan bai tsaya nan ba, ya ɗora masa aiki: wanda ke ƙarƙashinsa ɗan'uwansa ne, ya ciyar da shi daga abin da yake ci, ya tufatar da shi daga abin da yake sawa, kada ya ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa. Bayan shekaru, Ma'arur bin Suwaid ya iske shi a Rabaza, shi da yaronsa sanye da tufa iri ɗaya.

Ba cewa nake a daina bita ba. Tana da amfani ko don a kira abin da sunansa, a tuna mana aya ta 13 a Suratul Hujurat wadda ta rataya fifiko ga taƙawa. Amma mu da muke haddace ayar tun muna yara, a dafa'i ne matsalarmu take? A bayan bita ake gane ta, 'yar'uwa. Ranar awo, da wace murya ake kiran Bafillatanar ruga wadda Hausarta ba ta nuna ba? Ranar walimar ƙungiya, su wa ake turawa gindin murhu kullum, su wa ke kan kujera? In an zo zaɓen amira, iliminta ake dubawa ko gidan da ta fito? 'Yar aikin da aka kawo miki daga ƙauye, a wane kwano take ci, kuma an sa ta makaranta?

Mafi wuya dai shi ne aure, kuma a nan mu iyaye mata ne ke fara cewa a binciko asali. Abu Huzaifa (RA), ɗan Utba, ɗaya daga manyan Ƙuraishawa, Salim da aka 'yanta ya aurar wa 'yar ɗan'uwansa, Hindu 'yar Walid. Wannan Salim ɗin ne ya riƙa yi wa Muhajiran farko limanci a Ƙuba, saboda ya fi su haddar Alƙur'ani.