Shin Shiru da Ciwo Shi Ne Haƙuri?

Sau nawa a makon nan kika tamke kanki da ɗankwali, kika haɗiye Panadol biyu, kika koma bakin murhu kamar ba komai? Wuya ya riƙe, kai na sarawa tun daga ƙeya har goshi, amma da maigida ya tambaya sai ki ce "lafiya lau". Tun ranar da aka kai mu ɗakin miji ake mana nasiha da "yi haƙuri", har muka ɗauka faɗin ciwo raki ne. To, wannan shirun shi ne haƙurin da ake samun lada a kansa?

Ni dai a ganina, a'a. Haƙuri shi ne kada ki yi fushi da ƙaddara, bai hana ki ce "ina jin ciwo" ba. Ya zo a Bukhari cewa Nana A'isha (RA) ta yi kukan ciwon kai a gaban Manzon Allah (SAW), bai kuwa tsawata mata ba. Jikin nan amana ne a hannunki.

Kin ga, damuwa ba a zuci kaɗai take tsayawa ba. Tunanin cefane, ɗan saɓani da abokiyar zama, kukan goyo da ƙarancin barci, duk suna sa naman wuya da kafaɗa ya ɗaure, sai ki ji kamar an zagaye kanki da igiya. Ƙwaya kuwa lallashi kawai take yi. Likitoci ma sun tabbatar cewa shan irin su Panadol kwana 15 ko fiye a wata, watanni a jere, yana iya jawo ciwon kan da kansa.

Na san za ki ce, "In na kwanta wa zai yi aikin?" Gaskiyarki. Amma gidan da ya kasa jure hutunki na awa ɗaya, yaya zai yi ranar da aka ba ki gado a asibiti? Ki raba aiki da yara, ki sha ruwa sosai, ki gasa wuyan da tawul mai ɗumi, ki ɗan runtsa da rana. Ki samu lokacin da ran maigida ke sanye, ki faɗa masa abin da ke cin ki.

Sannan ki je a auna jininki. In yana kai 140/90 a kai a kai, hawan jini ne, sai a bi shi da magani. Ciwon kai da zazzaɓi da sandarewar wuya kan zama alamar sanƙarau. Mai ciki kuma da ta ji matsanancin ciwon kai tare da kumburi ko gani dishi-dishi, ta tafi asibiti a ranar, kada ta jira.

Neman magani ba ya rage tawakkali, 'yar'uwa. Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, amin.